Ranar da Aka Kwantar da Mahauci

Maigidana mahauci ne a mayankar Agege. Tun kafin a kawo ni gidansa yake kayar da shanu, ban taɓa jin ya ce wata dabba ta ba shi tsoro ba. Wata safiya kofin shayi ya suɓuce masa, hannun dama ya mutu, harshe ya harɗe. Kafin in ɗauko mayafi har ya ware, ya ce gajiya ce. Likita kuwa ya ce gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ne, a je a yi hoton jijiyoyin wuya, a ga ko kitse ya matse hanyar da jini ke bi zuwa ƙwaƙwalwa.

Muka hau danfo, motar hayar Legas, zuwa asibiti. Bencin ɗakin hoton cike yake da masu juna biyu, don na'urar ɗaya ce. Ya toge a bakin ƙofa.

"Hajiya, nan kika kawo ni?"

"Zauna, Alhaji, ba mai tambayarka wata nawa."

Wata Bayarabiya ta matsa masa, ta dubi tumbinsa, ta ce da Hausarta ta Agege, "Baba, ai naka ya fi nawa kusa." Ya zauna a gefen bencin.

A ciki ma'aikaciyar ta kwantar da shi rigingine, ta ɗaga masa haɓa, ta karkata fuskarsa gefe, wuya ya miƙe. Ta shafa wani mai mai sanyi, ta ɗauko abin dubawar. Na ga idonsa ya raina fata. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Hajiya, ina gabas?" Tausayi ya kama ni, na riƙe masa ƙafafu ina salati.

"Sake ni! Haka ake yi wa sa."

Na'urar ta shiga fuu, fuu, ƙarar jininsa ke nan. Jijiyar hagu ta tsuke, amma Allah ya taƙaita, likita ya ce ba ta kai ga aiki ba. Sai magani kullum, kuma shi da kitse har abada.

Da yamma aka kawo kasonsa na tozo da kayan ciki kamar kullum. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce in soya in kai wa maƙwabta. Ya ja kujera bakin kicin da dafaffen kifinsa a cinya.

"Ƙara albasa, Hajiya, tunda ƙamshin ne rabona."