Fassarar Baba

Kowace Lahadi bayan la'asar falonmu na unguwar Barkin Sale yakan koma silima. 'Yan kallo biyu ne: Baba, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, da amininsa, wani manomin doya na Maikunkele da muke kira Kawu. In Kawu ya taso daga coci ya ci abinci, sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya taho. Tsofaffin finafinan leƙen asiri na Turawa kaɗai suke kallo, waɗanda suka fara gani tare tun suna samari.

Kawu ba ya jin Turanci, don haka Baba ne tafinta. Zai gyara zama, ya ɗora hula a gwiwa, ya riƙa zuba Hausa a kan maganar jarumi, yana cusa ra'ayinsa a tsakani. In aka nuna dambe a kan rufin jirgi, sai ya ja tsaki ya ce direban da ya san aikinsa da tuni ya ja birki. Shi kuwa Kawu sam bai yarda da jarumin ba.

"Wane irin ɗan leƙen asiri ne kowa a gari ya san shi?" in ji shi, da Hausarsa ta koyo wadda ba ta raba namiji da mace. "Riga ma ba ya datti. Ya zo gona kwana ɗaya mu gani."

Ni dai ina son finafinan ne don ana ganin wanda ya naushi wani, ba irin na yanzu ba da hoto ke rawa har kai ya yi ciwo.

Sai da na zama malamar Turanci na gano abin da Baba ke yi. Turancinsa na tasha ne, inda bai ji ba ƙirƙira yake. Jarumi zai ce a kawo masa abin sha, Baba ya ce, "Yana gaishe su, yana tambayar iyali." Mugun da ke cikin fim kuwa, a bakin Baba, yau ma'aikaci ne da aka hana ƙarin girma, gobe ɗan'uwa ne da aka cuta a gado. Abin yana ba ni dariya, yana kuma ɗan ba ni kunya.

To, ni da iyayina, wata Lahadi na kawo musu fim ɗin da suka fi so, wanda aka riga aka fassara da Hausa. Na ce yau Baba zai huta. Ko kaɗan ban tuna ba cewa tun da ya ajiye aiki, wannan kujerar tafinta ce kaɗai wurin da ake jiran ta bakinsa.

Na kunna. Muryar mai fassara ta cika falo tana faɗin ainihin labarin, babu gaisuwa, babu maganar gado. Baba ya mayar da hularsa kai, ya zuba wa ƙasa ido. Sai a lokacin na ga na tona masa asiri a gaban mutumin da ya yi shekara da shekaru yana sauraronsa.

Kawu ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗiyata, kai kashe wannan abu. Wannan mutum bai san fim ɗin ba. Sa na Turanci. Alhaji, ci gaba daga wajen jirgi."

Baba ya yi gyaran murya, ya sauke hula kan gwiwa, ya ci gaba.

Da na raka Kawu ƙofar gida na fara kame-kamen ba shi haƙuri. Ya dube ni yana ƙoƙarin tada babur.

"Kai kana tsammani ban sani ba? Fim ɗin nan na gani ba iyaka, kullum babanka labari dabam yake ba ni. In fim nake so, ai akwai talabijin a gidana."

Har yau suna kallonsu, ni ma ina zama. Lahadin da ta wuce mugun ya koma tsohon mai sayar da tikiti, kuma ni ce na juya na tambayi Baba me ya ce.