Ranar da Na Ƙi Yi wa Malamina Tafinta

Komai zan manta a duniya, ban da yammacin nan a lambun mahaifina a Gure. A shekarun saba'in ne, bayan babban farin da ya cinye mana shanu. Lokacin ina karatu a Faransa da bursin gwamnati, wato kuɗin tallafin karatu, ina bincike a kan lazer, wato hasken da ake matsewa ya zama siriri kamar allura har ya yanke ƙarfe. Abin da ya dami kowa a labo ɗinmu, wato ɗakin gwaje-gwaje, shi ne bakin ƙarfen da aka yanke yakan tsage in ya huce. Ni na gano yadda za a daidaita zafin da iskar da ake hurawa har tsagewar ta daina. Na rubuta na kai wa farfesan da ke duba aikina. Ya yaba, ya ce zai aika wa mujallar masana, amma da sunansa kaɗai, ni kuma a gode mini a ƙasan shafi. A sana'armu kuwa duk wanda ya ɗora a kan aikinka sai ya ambace ka, kuma da yawan ambaton nan ake auna mutum. Na haɗiye, don takardar digirina tana hannunsa.

Da hutu ya zo ya ce yana son ganin hamada, ya biyo ni gida. Baba ya yanka masa rago cikin 'yan tumakin da suka rage mana. Bayan la'asar muka gangara kwarin da lambunmu yake, muka zauna a inuwar dabino. Baba ba ya jin Faransanci, ni ne tafinta.

Baba ya ce, "Tambaye shi, me kake yi a can da ya fi kiwo?"

Farfesa ya yi murmushi ya ce, "Faɗa masa kai yaro ne mai hannu. Na gano wani babban abu, kai kuma ka taimaka mini da riƙe kayan aiki."

Na dubi tsohon nan da ya bar ni na tafi lakwal, wato makarantar boko, alhali ba shi da mai bin garke. Sai na ce da Faransanci, "Wannan kam ba zan fassara ba."

"Saboda me?"

"Saboda ba haka aka yi ba. Ni na gano, kai ma ka sani. Ko sunana ya hau takardar binciken nan a gaba, ko kuwa kada ta fita."

Fuskarsa ta yi ja. Ya ce, "Ka san abin da kake wasa da shi?" Na ce na sani sarai.

Baba bai ji kalma ɗaya ba, amma ya ga fuskoki. Ya ce, "Kai, baƙonmu ne fa." Na ce, "Baba, baƙo ne, za mu ci gaba da karrama shi. Amma yana so in yi muku ƙarya da bakina, in ce aikina nasa ne." Sai ya ce, "To, kada ka yi." Ya tura wa baƙon kwanon dabino gabansa.

Na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Da muka koma ya janye hannunsa daga aikina, bursin ma ya kusa tsayawa. Sai da na canza labo, na sake gwaje-gwajen tun daga fari a wani gari mai tsananin sanyi. Amma bai iya aika takardar ba, don ya san zan tsaya a gaban kowa in faɗi abin da na faɗa a lambu. Daga baya ta fito da sunana. Masu bincike a ƙasashen da ban taɓa takawa ba suka riƙa ambatonta, har yanzu da na yi furfura ba su daina ba. Shi kansa da ya zo rubuta littafinsa, dole ta sa ya ambace ni.

Abin da na koya shi ne, mai ƙarfi yana iya danne maka haƙƙi, wannan ba abin kunyarka ba ne. Abin kunya shi ne ka ara masa bakinka ya yi shelar cewa nasa ne.