Baba Lawali da Ƙarshen Kwari

Duk wanda ya taɓa shiga motar Baba Lawali ya san ba a cewa "ga ni nan tafe" a cikinta. Ba wai ba ya gudu ba ne, ai ku shaida ne. Abin da ke cin lokacin shi ne ba ya iya wuce motar da ya gani tsaye a gefen hanya. Ko a babban titin nan da ya ratsa Bronx ne, inda tireloli ke wucewa kamar an koro su, sai ya sa sigina ya faka, ya ɗauko jarkar ruwa, ya nufi mutane yana tambaya, "Kun yi pan ne?" Wato ko mota ce ta lalace. Ƙuruciyarsa duk a duwatsun Azbin ya yi ta, arewa da Agadas, yana tuƙa baƙi masu yawon buɗe ido. A can ya koyi cewa wanda ka wuce a tsaye, gawarsa za ka tarar a dawowa. Ya zo New York da wannan doka, ya yi shekaru yana tuƙa tasi, babu wanda ya iya raba shi da ita.

Ni ma haka muka haɗu. Ina sabon zuwa, motata ta mutu a hanyar asibitin da nake aiki a Harlem. Ina tsaye ina zazzaga mata masifa da Hausa, sai ga wani dogon dattijo da jarka a hannu. Ya ɗan saurara ya ce, "Bakano ne kai?" Na ce e. Ya ce, "Kash! Da na san bawana ne da na wuce." Shi Badamagare ne, kun san wasan da ke tsakaninmu. Bai tafi ba sai da motar ta tashi, kuma daga ranar ban taɓa jin sunana Nasiru a bakinsa ba, sai dai Bakano.

Wata rana muna tafe ya hango mota laɓe a bayan wasu bishiyoyi. Na ce, "Baba, don Allah wuce, ɗan sanda ne, masu gudu yake dako." Ya ce, "Ɗan sanda ba ya jin ƙishirwa?" Ya je ya ƙwanƙwasa wa bawan Allah gilashi, ni kuwa na nutse a kujera ina ta salati. An daɗe ana bayani da hannu, sannan ya dawo, jarka a cike, ga takardar tara a ɗaya hannun. Na ce, "To, ya sha ruwan?"

Ya ce, "Bai sha ba. Amma ko gaban Allah ba ya cewa ba a ba shi ba."

Duk wannan somin-taɓi ne. Babban ciwon Baba Lawali wani kwari ne can arewacin jihar nan, cikin duwatsun da ƙanƙara ke daɗewa a kansu bayan ta narke a ko'ina. Ya taɓa kai fasinja yankin, ya ɓata hanya a dawowa, sai ya ga wata hanyar burji ta shige tsakanin duwatsu biyu tana hawa. Ya ce tun da ya bar Azbin hanya ba ta taɓa kiransa ba sai ita. Saboda ita ya sayi tsohuwar motar dajin nan mai ja da ƙafa huɗu, wadda mutanen Nijar ke kira kat-kat. Ya sa mata suna Taguwa, wato raƙuma, ya hana kowa taɓa sitiyarinta, ko bakanike sai dai ya gyara Baba ya gwada. Burinsa ɗaya ne, ya kai ta ƙarshen kwarin nan da hannunsa ya ga abin da ke can. Duk shekara muna zuwa, duk shekara muna dawowa ba mu kai ba, kuma wallahi ba kullum ne laifin hanya ba.

A zuwan farko na buɗe taswira a waya, ya ce in rufe. "Ita wayar ta taɓa zuwa can?" Mun fara hawa ke nan sai ga wani gida tilo a bakin kwarin, sai ya taka birki. Wai ba a shiga ƙasar mutane ba a gai da mai gari ba. Mai gidan wani tsohon Bature ne mai kiwon zuma, ga wani ƙaton kare a gefensa. Na ce shi ke nan, yau harbe mu za a yi. Ina! Kafin in gama tsorata Baba ya fito da gawayi da 'yar butarsa, ya ɗora shayi a ƙofar mutumin. Kun san shayinsu, dahuwa uku ne, ba a tashi a ta biyu. Turancin Baba bai wuce na tasi ba, tsohon kuma kunnensa ya yi nauyi, amma suka yi ta hira har inuwar dutse ta rufe mu. Na ce, "Baba, kwarin fa?"

Ya ce, "Kwari na da ƙahwa ne? Ku Kanawa komi sai ku yi shi kamar za a tashi kasuwa."

Da shekara ta zagayo, da ƙyar na ɓamɓare shi daga gidan mai zuma da sauran rana. Muka hau har inda wani rafi ya yanke hanya, ga taɓo, ga duwatsu masu kaifi. Baba ya sauka ya zagaya, ya tsuguna ya fara sace iskar tayoyi. Na ce me ke nan? Ya ce haka ake yi a rairayi, taya ta baje mota ta wuce. Na ce, "Baba, nan fa ba rairayi ba ne." Ya ce, "Ƙasa duk ta Allah ce." Ya sace ta har sai da tayoyin suka kusa kwanciya. Muna tsakiyar rafi tayar gaba ta fice daga rim ɗinta. Muka shiga ruwan nan mai sanyi har cikin ƙashi muna fama da jak, ni ina mita, shi yana cewa duwatsun ƙasar nan ba su da tarbiyya.

Muna cikin haka sai ga saurayi da budurwa a kan kekuna masu kaurin taya, sun yi futu-futu da taɓo, suna haki. Suka tsaya suka kama mana har aka sa safaya. Tausayi ya kama Baba. Ya cika musu hannu da dabino, ya raɗa mini, "Hwaɗa musu su ɗora kekunan bisa mu rage musu hanya. Talauci ba daɗi." Na faɗa musu. Suka yi dariya suka ce ai motarsu na can ƙasa a ajiye, hawan dutse da keke nishaɗinsu ne. Baba ya daɗe yana kallonsu.

"Mutum da motarshi, ya aje ta, ya hau dutse yana haki, ba wanda ya koro shi?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "Bon. Ƙara musu dabino. Abin nasu ya hi talauci."

Muna dariya shekaru na tafiya. Wata shekarar bishiya ce ta faɗo ta tare hanya, wata kuma ruwan sama. Sai muka lura ya fara goga gefen Taguwa in zai faka a unguwar Tremont, kuma in ka tsaya a gefensa sai ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya gane ka. 'Yarsa Hadiza, nas ɗin nan haifaffiyar Bronx, wadda ake yi wa Hausa ta amsa da Turanci, ita ta ja shi wurin likita. Aka ce hawan jinin ido ne, ganinsa na tsukewa ta gefe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ta karɓe makullin mota. Washegari sai ga Taguwa a ƙofar masallaci. Ta karɓe makullin da ya tayar da ita ma, sai ga ta a kasuwa. Ashe akwai ɗaya ɗaure da waya a ƙarƙashin motar, akwai ɗaya cikin buhun gawayi. Wai direban daji mai makulli guda gawa ne.

Hadiza ta same ni a wurin aiki tana kuka. Ta ce tsoronta kada ya buge ɗan wani. Gaskiya ce da ita, kuma na sani. Amma na san in aka raba shi da motar nan bai ga ƙarshen kwarin ba, da wannan ciwon zai zauna har ya mutu. Abin ya dame ni ƙwarai, don duk su biyun nake tausayi. Daga ƙarshe aka daidaita a kan tafiya ɗaya ta ban kwana, da Hadiza a ciki. Shi ba zai yi tuƙi a kan kwalta ba, ya kuma kafe ba mai tuƙa masa Taguwa, dole aka ɗora ta a kan motar ɗaukar motoci har bakin kwarin.

Lokacin da ganye ke ja ne. Ya gai da mai zuma a tsaye, abin da bai taɓa yi ba, ya kama sitiyari. Muka haye rafin nan lafiya, muka wuce duk inda muka taɓa kaiwa. Can sama hanya ta tsuke, dutse a hagu, rami mai zurfi a dama. Ya rage gudu, yana ta juya kai. Sai na ji ya ce, "Bakano, akwai wuri ta gehenka?" Nan na san abin ya yi tsanani, don duk tsawon zamanmu bai taɓa tambayata komai a kan hanya ba. Na ce akwai. Ya ɗan matsa gaba kaɗan, ya tsaya, ya ja birkin hannu. Bai ɗauke hannuwansa daga kan sitiyari ba.

Ya ce, "Ban ganin bakin hanya."

Can ya ce, "Hadiza, kin iya mota mai giya?"

Ta amsa da Hausa, "Kai ka koya min, Baba, a tasi."

"To zo ki kama."

Ya sauka yana dafa jikin motar, ya koma kujerar baya. Ba a yi nisa ba ya fara, "Sannu mana! Raƙuma ce, ba jaki ba. Wa ya ce ki sa ta biyu?" Tana tuƙi tana share hawaye tana dariya, har hanya ta ƙare a gindin wasu tulin duwatsu.

Muka sauka. Ya tsaya yana juya kai a hankali, ya ce, "Guntu-guntu nake gani. Bakano, hwaɗa mini abin da ke gabana, kuma kar ka ƙara gishiri, na san halinku." Na ce ga wani ɗan tafki, ruwansa garau har ana ganin duwatsun ƙasansa. Ga ciyawa ta kewaye shi. Ga bishiyoyi ja da rawaya sun hau dutse ta kowane gefe, can ƙololuwa kuma ƙanƙara ta fara sauka fari fat.

Ya ce, "Garke nawa?"

Na ce, "Babu ko akuya."

"Ruwa haka, ciyawa haka, ba ko akuya? Innalillahi! Mutanen ga ba su san abin da Allah ya ba su ba."

Muka yi dariya, amma da na dube shi na ga gemunsa ya jiƙe. Ya tuɓe takalmi ya yi alwala da ruwan nan mai sanyi, ya ja mu sallar la'asar a kan ciyawa. Da muka idar Hadiza ta durƙusa ta miƙa masa makulli. Ya laluba hannunta ya naɗe mata yatsu a kansa.

Ya ce, "Riƙe. Shekara da shekaru ina zaton ni zan kawo Taguwa nan. Ashe direbanta na cikin gidana ina ta yi mata hwaɗa."

Bai ƙara neman makulli ba, kuma bai kai wata bazarar ba. Ina kewarsa, wallahi, har da zagin. Allah ya jiƙan Baba Lawali, ya yafe masa kurakuransa, ya ba Hadiza haƙuri. Ya Allah ka mayar masa da ganinsa cikakke, ka saukar da shi inda ba sai an ba shi labarin abin da ke gabansa ba. Amin.