Jinkar Hamidu

Kakana Hamidu mutum ne mai kafiya, kuma duk gidanmu mun gado ta. Daga arewacin Konni ya taso, shekarun da Nasara suka ja iyaka suka raba dangi biyu. Can ana kamun maza aikin dole, sai ya ɗora matarsa Lubabatu a jaki da jariri a goye, suka sauka wani ƙauye kusa da Tozai. Jaririn nan shi ne babana.

An gama kai gero rumbu, sanyi ya fara sauka. Mai gari Maccido ya yanka masa fili a bakin gari. Hamidu ya kafa zana suka raɓe, ya kwaɓa ƙasa ya gina ɗaki shi kaɗai. Ya yanko shuci, ya yanta, ya ɗaura jinka a ƙasa ya baibaye ta. Wajen aiki kam ba a kushe masa.

Amma garin yana da al'ada. Ana idar da sallar asuba, maza kan taru ƙofar Maccido jin ɗumi, kowa da ɗan ƙullin karansa. A nan ake sanar da suna da gayya, a nan mai bukatar hannu yake faɗa. Kakana kuwa in ya hango hayaƙin sai ya kewaye ta bayan rumbuna. Mutane suka ce girman kai ne, suka bar shi da halinsa.

Jinka dai sai maza goma suke aza ta. Ta kwana bakwai a ƙasa, iska na ratsa zana, babana ya kama tari mai shaƙewa, har ya daina karɓar nono sosai. Rana ta takwas kakata ta ɗaure kara ta dangwara gabansa.

"Malam, ka tahi wurin mutane. In ba ka zuwa, ni in tahi, in ya so a yi muna dariya."

Ya je. Ya tsaya nesa da wuta da kara a hannu kamar wanda ya zo biko. Aka amsa sallamarsa sama-sama.

"Baƙonmu," in ji Maccido, "yau mi yak kawo ka?"

"Ranka ya daɗe, ɗiyana ba shi da lahiya, ɗaki kuwa ba jinka."

"Wata guda kana wuce mu. Mi munka yi maka?"

Kakana ya ajiye karan ya ce, "Inda nih hito, in maza sunka taru wuri guda, nan aka zuwa kamu. Wurin jin ɗumi anka kama wana. Har yau ban ji labarinai ba."

Wani Idi, maƙerin garin, wanda ya fi kowa yi da shi, shi ya fara miƙewa ya karkaɗe zanensa. Ko wutar ba su jira ta cinye ba.

Suka cicciɓi jinka da salati, suka aza. Sai ta zurma cikin ɗaki. Ta yi kaɗan, da wajen taki guda. Idi ya dubi kakana ya ce, "Kai da wa kunka auna?"

"Ni ɗai."

"To, wa yar riƙe maka ɗayan bakin igiya?"

Ba kowa. Dutse ya ɗora a kai, igiyar kuma ta zame. Kakata ta ce dariyar da aka yi ranar har mata suka leƙo ta kan danga, shi kuwa kunya ta hana shi ɗaga kai.

Babu wanda ya tafi gida. Aka kwance aikin sati uku, wannan ya kawo kara, wancan ya kawo ragowar shucinsa, matar Maccido ta aiko da kunu, ta kuma ɗauke kakata da jaririn zuwa ɗakinta mai wuta. Kafin la'asar jinka ta zauna daram. Tarin ya ɗauki kwana goma kafin ya saki babana, amma ya sake shi.

Na riski kakana ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ina kewar zama da shi ƙwarai. Shekara arba'in da wani abu ya yi a garin, kuma har ya rasu bai yarda ya zauna ya ba hanya baya ba. In an taru, yana hira yana dariya, idonsa na kan hanyar arewa, ko wansa zai ɓullo.