Ranar da Aka Sa Kaka Ta Tsallake Auwalu

Idanun Kaka ne abin da na fara ƙura wa ido a duniya. Jajaye ne, kullum da ɗan ruwa kwance a ciki, saboda shekarun da ta yi tana hura murhu. Ni kuwa a lokacin gani nake kamar jan faɗuwar rana ne ya maƙale mata.

A ƙauyenmu da ke kusa da Anka, da an idar da magariba sai mu kewaye wutarta. Ƙanena Auwalu ke haye cinyarta, ita kuma ta ce, "Angona ya iso, ku matsa mishi. Ke uwar mafarki, rufe baki kada sauro ya shige." Daga nan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, wanda ya yi gyangyaɗi ta wuce shi."

Tatsuniyar da na fi so ita ce ta tsohuwa mai ajiyar garwashi. Kowace safiya mutanen gari na zuwa ɗiban wuta a ɗakinta, ba mai ko gaishe ta. Ran nan bukkar wani ta ƙone, aka ce ai wutar tsohuwa ce, aka kora ta daji. Sai ruwa ya sauko kwana bakwai, duk murhun garin ya mutu, suka koma tauna ɗanyen gero. Suka bazama nemanta.

"Sun gan ta, Kaka?"

"Sun ga zanenta. Kura ta riga su."

Mukan yi dariya, don tana faɗa tana kwaikwayon tafiyar kura.

Shekarar da aka samu zinari, Baba ya riƙa kawo duwatsu gida ana daka su a tsakar gida, ƙura har cikin tukunyar fura. Yara suka fara sanƙarewa, wasu suka tafi. Da ciwon ya kama Auwalu, cikin zafin jiki ya yi ta kiran Kaka. Wannan kiran ya ishi mutane hujja.

"Ku dubi idonta mana," in ji mahaifiyarmu. "Tsohuwa ta ƙi mutuwa, ɗiyan mutane na ƙarewa. Kurwatai ta kama."

Aka shimfiɗe Auwalu a ƙofar gida, gari ya taru. A al'ada, wadda ake zargi da maita sai ta tsallake mara lafiya sau uku don ta saki kurwarsa. Kaka ta dubi Baba, ɗan da ta haifa.

"Kai ma, Mamman?"

"Ki tsallaka kawai, Inna, a huta," ya ce, kansa a ƙasa.

Ƙafarta ba ta ɗaguwa. A tsallake na biyu ta faɗi, zanenta ya kwance, samari suka fashe da dariya. Wata ta jefe ta da ɓawon rake. Ni ma ina tsaye a wurin, ban je na ɗaga ta ba.

Auwalu ya rasu da la'asar. Washegari aka ɗora Kaka a kan babur zuwa Gummi, wurin 'yar ƙanwarta. Daga baya ma'aikatan lafiya suka zo suka ce gubar dalma ce daga duwatsun nan, aka kankare ƙasar gidanmu aka zuba sabuwa. Ba wanda ya je ya ba ta haƙuri. Sai da na girma na lura cewa a tatsuniyarta mutanen garin ko ba komai sun fita nema.

Na je wurinta bayan na yi haihuwar fari. Na tarar da ita a ɗan ɗakin bakin zaure, ta ƙanƙance. Na miƙa mata jaririyata, ina ta zumuɗin in ji sunan wasan da za ta raɗa mata. Ta daɗe tana kallonta, bakinta na motsi, sannan ta cusa hannuwanta ƙarƙashin zane.

"Riƙe abikki, jikalle," ta ce. "Kada ta yi atishawa a ce ni ta."

Da daminar wannan shekarar ta rasu. 'Yar ƙanwarta ta ce tun ranar da aka kawo ta ba ta sake taɓa ɗan kowa ba.