Tumakin Noelene da Guguwar Asabar

Duk masu askin tumaki na tsaunukan Tasmaniya sun san Noelene Tuckwell, kuma ba a cika samun mai faɗin alherinta ba. Shekara talatin tana kiwo ita kaɗai tun rasuwar mijinta, ga baki kamar reza, ga rediyo a aljihu kullum tana bin hasashen yanayi. Da an ce wataƙila a yi iska sai ta tsayar da aski, ko da an aske rabin tunkiya. Tana da hujjarta kuwa. Tunkiyar da aka kwashe wa ulu a sanyin Yuli, tsakiyar hunturun ƙasar, tsirara take, iska da ruwa na yini guda sun isa su gama da ita.

Bana an aske tumaki masu ciki ɗari uku ke nan rediyo ta ce guguwa na tahowa daga kudu. Ko ta sauka Alhamis, ko ta zarce cikin teku, su kansu masu hasashen ba su da tabbas.

"A kashe injin aski," in ji Noelene.

Darcy, ƙanin mijinta kuma shugaban masu askin, ya miƙe yana dafe da ƙugu. "Wataƙila fa suka ce. Ke ko atishawa aka yi a rediyo sai ki rufe gona."

"Ɗari uku rumfar nan take ɗauka. In ka aske ƙari, a ɗakinka za su kwana?"

"Yayana dai ya sha fama."

"Ya sha kam, da ƙani irinka."

Suka kwashe kayansu suka tafi, ita kuma ta kulle askakkun a rumfa.

Alhamis gari ya waye tas. Juma'a ma haka, rana har da ɗumi. Tumakin suka ƙi busasshiyar ciyawa, sai kuka, biyu har sun kwanta don yunwa. Da hantsi Darcy ya tsaya da motarsa a bakin shinge, ya leƙo yana dariya.

"Ina guguwar taki? Ko ta ɓata hanya ne? Duk gari labarinki ake, wai kin tsare dabbobi saboda tsoron rana."

Maganar ta shige ta. Ta gaji da zama abin dariya, kuma ta tsani kanta da jin zafin hakan. Rediyo na ta cewa guguwar jinkiri ta yi, ba fasawa ba. Noelene ta ji sarai. Duk da haka ta buɗe ƙofar rumfa, ta saki tumakin.

Asabar da safe iskar ta sauka, da ruwa da ƙanƙara. Askakkiyar tunkiya ba ta tsayawa, gaba take yi iska na kora ta har ta ci karo da shinge, na baya su hau na gaba. Noelene da karnukanta biyu suka yini suna janyo su. Tamanin da bakwai suka mutu a shingen arewa, kowacce da ɗa a ciki.

Lahadi Darcy ya zo da tarakta don haƙa rami, ba wanda ya kira shi. Ya daɗe yana kallon gawarwakin, sannan ya juyo ransa a ɓace.

"Me ya kai ki sakin su? Mu surutu ne namu. Ke ce kika sani."