Yadda Mode Ya Koya wa Manhaja Ladabi

Mode Mai-inji gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kullum baƙi ƙirin da man inji. In ka ji warin fetur ya riga mutum shiga masallaci, to shi ne a baya. Rumfarsa tana bakin kasuwar Goronyo, inda yake gyaran injinan ban-ruwa na masu albasa da shinkafa. Ya yi karatun kwamfuta shekara biyu a Sakkwato, ya dawo da takarda mai hatimi, ya nemi aiki har takalminsa ya cinye, sannan ya koma sana'ar ubansa.

Karatun dai bai sake shi ba. Shekara uku da suka wuce ya tara mu a rumfa, ya ce ya samo wata manhaja a intanet da ake kafa shafin labarai na jama'a da ita. Kowa ya rubuto abin da ya gani, saura su karanta, su yi gardama a ƙasa. Kowane labari yana da 'yar kibiya a gefe. Wanda ya ga amfaninsa sai ya danna, labarin da ya fi shan dannawa shi ke hawa sama.

"Nawa anka sayar maka?" in ji Sa'adu dillalin albasa, wanda bai yarda akwai abin kyauta a duniya ba in ban da shawara.

"Ko sisi. Kuma buɗe take, awa injin da anka kwance. Waɗanda sunka yi ta sun bar cikinta a fili, kowa na iya dubawa, shi gyara yadda shika so."

Da Mode ya san abin da wannan magana za ta jawo masa, da ya haɗiye ta da ruwa.

Ya sa wa shafin suna Bakin Gulbi, don abu ɗaya ne ya dame shi. In rani ya yi nisa, gulbin Rima ya ja baya, manoma kan sauko da injinansu har bakin ruwa. In aka ƙaro ruwa daga madatsa, gulbi kan taso cikin yini ɗaya. Sanarwa ana yi, amma kafin ta bi baki-baki ta kai fadama, injin wani ya sha ya ƙoshi. Mode ya ce yanzu wanda ya fara ganin ruwa ya motsa sai ya rubuta, kowa ya gani a saman shafi.

Watan farko abin ya yi kyau. Mun san kuɗin buhun albasa tun kafin Sa'adu ya yi mana ƙarya, an gano saniyar da ta ɓace a Boyekai, an yi gardamar taki har wasu suka daina gaisawa. Sai aka saya wa Malam Abdulƙadir na Wurno babbar waya.

Malam Abdulƙadir dattijo ne ɗan gidan malamai, kuma shi ne uban Nuriyya, matar Mode. Tun da ya shiga Bakin Gulbi, kowace safiya sai ya rubuto gaisuwa: ya gaida jama'a, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya da zafi, ya yi addu'a. To, wa zai wuce gaisuwar dattijo bai amsa ba? Mutum ɗari huɗu su danna kibiya, ɗari huɗu su rubuta "Lahiya lau, Baba." Gaisuwa ta zauna daram a sama, kowa hankalinsa kwance.

Ran nan tsutsa ta faɗa wa albasa. Wani ya rubuto maganin da ya gwada, manoma suka yi ta danna kibiya cikin firgici, labarin ya haye gaisuwar Malam. Mode ya koma gida cin tuwo, ya tarar da Nuriyya a tsaye.

"An ce ka ɗora tsutsa bisa kan Baba."

"Ba ni na ba, manhaja ta."

"Manhajar wa?"

Washegari dattawa biyar suka zo rumfa suka zauna a kan benci. Malam ba ya cikinsu. Suka ce ko a wurin suna ba a miƙa wa yaro goro kafin babba. Mode ya ce haka aka yi manhajar. Sa'adu, wanda ba a gayyato ba, ya leƙo ya ce, "Ai kai da bakinka ka ce kowa na iya gyara ta."

Mode ya rubuta wa masu manhajar, yana fatan su ce ba ya yiwuwa. Wani bawan Allah daga wata ƙasa mai sanyi ya amsa cikin mutunci, ya ce su tasu ba ta san babba da yaro ba, amma wadda ke hannunsa tasa ce, ya yi yadda ya ga dama, har ya nuna masa inda zai taɓa. Haka ƙofar gudu ta rufe.

Sati biyu Mode ya yi yana kwance cikinta. Ya ƙara gurbin shekaru: wanda ya fi tsufa, maganarsa ce a sama. Kibiya ta koma ado.

Ban taɓa ganin gari ya tsufa da sauri haka ba. Sa'adu, wanda bara ya rantse arba'in da biyu gare shi, ya wayi gari da saba'in da ɗaya. Da aka ce a kawo shaida, sai kowa ya tuna ranar da aka fara ginin madatsa. In ka tara waɗanda suka ce sun ɗauki dutse a wurin aikin, sun isa su tare teku. Mutum ɗaya ce ta ƙi shiga wannan tsere, Habi mai ƙyafa kifi a gindin madatsa. Ta ce shekarunta ba abin da ya shafi waya, ta rubuta ashirin, alhali tana da jikoki. Sai manhaja ta ajiye ta can ƙasa, shafi na shida, inda ba mai zuwa.

Wata Alhamis da hantsi, ana zafin da ke sa akuya neman inuwar kaza, ina zaune a rumfar Mode sai na ga ya ƙura wa waya ido. Shi mai shafi ne, duk abin da aka rubuto yana gani. Habi ce ta rubuto: an ƙaro ruwa, turken da take ɗaure jirgin mijinta ya nutse, masu inji su kwashe kafin la'asar.

Akwai maɓalli a wayarsa wanda in ya danna, maganar Habi za ta hau sama ta zauna. Sama kuwa akwai gaisuwar Malam.

Na ce, "Danna mana."

"In sa Habi bisa kan Baba? Tsutsa ma kwana tara na yi ina cin tuwo babu man shanu."

"To kira shi, shi ya rubuta."

Ya dube ni kamar na ce ya shiga masallaci da takalmi. "Suruki aka kira a waya a ce mai rubuta kaza? Tahiya zan yi."

Shi ma yana da inji a bakin gulbi, a gonarsa ta albasa. Ya kira maƙwabcinsa na gona ya ce ya taimaka ya jawo masa shi sama. Mutumin ya ce ya duba Bakin Gulbi yanzun nan, babu maganar ruwa, shi kuwa ba ya aiki da jita-jita. Mode ya hau babur ya nufi Wurno. Ni ma na ruga nawa injin, don zumunci bai kai nan ba.

Sauran labarin daga bakin Nuriyya muka ji, ita kuma daga gidansu. Mode ya isa, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsuguna. Malam yana da baƙi. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka kawo fura, Mode yana kallon inuwa tana gajarta. Sai da baƙi suka tashi Malam ya kira shi da sunansa na yanka, ya ce, "Muhammadu, mi ya kawo ka da rana tsaka?"

Ya faɗa masa, kansa a ƙasa.

"Wa ya ce?"

"Habi mai kihi, Baba."

"Habi in ta ce gulbi na tahe, gulbi na tahe. Mi ya hana ka sa ta sama?"

"Gaisuwarka na wurin, Baba."

"Gaisuwa na nutsewa a ruwa?"

Mode ya zaro waya da sauri zai danna. Malam ya ɗaga hannu. "Bari. Tunda ka taho, ni in rubuta." Ya nemi tabarau, aka samo shi a cikin littafi. Ya fara da yatsa ɗaya: sallama, iyali, gajiya, zafi, addu'a. Sai a layi na goma sha ɗaya ruwa ya shigo.

Abin da Mode bai lissafa ba shi ne, gaisuwar Malam ce kaɗai ake karantawa har ƙarshe, don kada ya yi tambaya a tsallake ta. Kafin a kira azahar, fadama ta cika da mutane suna jan injina, kowa na rubuta "Lahiya lau, Baba" da hannu ɗaya. Daga Goronyo har Wurno ba a ji wanda ya yi asara ba, in ban da mutum ɗaya. Maƙwabcin nan ma ya jawo nasa, ya ce na Mode ya yi masa nauyi shi kaɗai.

Mode ya iso gonarsa bayan la'asar, ya tarar da bakin tiyo kawai yana leƙowa. Mutum huɗu suka ciro injin. Kwana uku ya yi yana zazzage yashi daga cikinsa, rumfa fayau, don ba wanda ke da injin da ya sha ruwa sai mai gyara.

Tun washegari Juma'a da safe, yana cikin wannan aiki, Malam ya rubuto gaisuwa kamar kullum, ya ƙara da nasiha. Ya ce ya ji an ce akwai wani, bai kama suna ba, wanda duk da gargaɗin da manya suka yi ya bar injinsa a bakin gulbi, ya tafi yawo a kan babur. Ya ce yaran yanzu sai addu'a.

Mode ya goge yatsa a jikin riga, ya rubuta, "Gaskiya ta, Baba. Allah shi ƙara girma."